Fitilar Taya a Hanyar Karaye

Shekarar da aka mayar da maigidana aiki Zuru, sai ya zamana ba ma ganinsa sai ƙarshen mako. Muna zaune a unguwar Firchin cikin Jega, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Aliero. Kullum da safe sai na je tasha na jira motar haya ta cika, wani lokaci in isa an riga an shiga aji, warin albasa ya kama mini hijabi. Da ya ga wahalar ta yi yawa sai ya bar mini motarsa, wata 'yar Kwatano mai canja giya da kanta, shi ya koma bin ta haya. A filin ƙwallon bayan unguwarmu ya koya mini tuƙi, yana gefe yana riƙe da kujera da hannu biyu.

Babana yana Karaye, can ƙasar Maiyama. Direban babbar mota ne tun kafin a haife ni, yana kai albasar Aliero kudu, ya dawo da goro da manja. Ina 'yar firamare ya yi hatsarin da ya karya masa cinya, ƙanensa da suke tare a motar ya rasu. Masu ɗorin Aliero suka gyara ƙafar, amma bai sake riƙe sitiyari ba, ya koma gona. A gidanmu kowa ya san da wannan, ba kuma mai ɗauko zancen. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana da suna ba, sai Uwata.

Ranar da na fara shiga Karaye da motar, na yi zaton zai yi faɗa, ko kuma ya yi murna. Bai yi ko ɗaya ba. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Ya fito daga zaure da sandarsa, ya shafa bayan motar kamar mai taya saniya a kasuwa, sannan ya tambaye ni ko na iya canja taya. Na ce a'a. Ya ce to, ya koma ya zauna.

Fitilar ta fara ne bayan wata ƙusa da na taka a bakin kasuwar Jega. Mai faci ya sa ƙarfe ya ɓamɓare tayar baya daga gargarenta, ya liƙe, ya mayar. Washegari ina kan hanyar Aliero sai na ji ƙara, ƙiliŋ, wata 'yar fitila rawaya ta kama ƙyaftawa a gabana. Siffarta kamar ƙaramar tukunya ce da aka tsaya mata tsinke a ciki. Na gangara gefe, na zagaya motar ban ga komai ba, na lallaɓa na ƙarasa makaranta a tsorace.

Da yamma na kai ta wurin wani bakanike mai duba mota da kwamfuta. Ya yi mini bayani cewa a cikin kowace taya, a gindin bawul, akwai wata 'yar na'ura mai batir da ke auna iska tana aika wa motar labari. In iska ta ragu, fitilar ta kama. Amma tawa ta baya ƙarfen mai faci ya taɓa ta, ga shi dama batirinta ya tsufa, don haka wani lokaci ta yi magana, wani lokaci ta yi shiru. In motar ta jira ba ta ji daga gare ta ba, sai ta kunna fitila. Ya ce iskata lafiya lau take, sabuwar na'urar kuma sai an aiko daga Kano, in rabu da ita kawai. Ya ce wasu direbobin baƙar leda suke mannawa a kai su huta. Ban manna ba, amma cikin 'yan makonni na saba. Ta yi ƙararta, in ce na ji, in ci gaba da tafiya.

A farkon daminar nan ne aka ce akwai likitan ido da ke zuwa wani asibiti a Aliero. Na kai Baba. Likita ya ce aikin mai sauƙi ne, amma ba zai taɓa idon ba sai sugan jikinsa ya sauka, a riƙa kawo shi ana dubawa. Yayyena maza duk ba sa kusa, don haka jigilar ta faɗo kaina. In tashi daga Jega da sassafe, in bi kwalta in wuce Maiyama, in ɗauko shi, mu dawo mu ratsa Jega mu kama hanyar Aliero.

Ranar farko ya so ya shiga baya. Innarmu ce ta ce masa ai ba motar haya ba ce, ya shiga gaba. Ya zauna a miƙe kamar baƙo, sanda tsakanin gwiwoyi. Mun ɗan wuce Maiyama sai ƙarar ta tashi.

Ya juyo da kunnensa. “Mi ka kuka?”

Na ce ba komai ba ne, fitilar taya ce, ƙarya take yi. Na fara maimaita masa bayanin bakanike, batun na'ura da batir. Ya bari har na kai ƙarshe.

“Uwata, in anka ambaci taya, tsayawa akan yi. Gangara.”

Na gangara gindin wata bishiyar bedi. Ya lalubo hannun ƙofa ya fita. Ya dafa motar da hannun hagu ya bi ta, duk tayar da ya iso sai ya ƙwanƙwasa ta da sanda ya saurara, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya danna gefenta da babban yatsa, ya shafa fuskarta ko akwai ƙusa ko kumburi. Daga nan ya kwance hular bawul, ya shafa yawu a bakin, ya ce in sunkuya in duba masa ko yana kumfa. Na tattare zanena na durƙusa a kan tsakuwa. Na ce ba ya yi. Haka muka yi wa duka huɗun. Masu wucewa a babur suna rage gudu suna tambaya ko lafiya, shi yana ɗaga musu hannu.

Da muka koma ciki ya ce lalle ƙarya take yi. Na ce ai na faɗa. Ya ce yanzu dai mun sani.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Fitilar ba ta da takamaiman wurin da take kamawa. Wani lokaci tun kafin mu bar jar ƙasa mu hau kwalta, wani lokaci sai mun hango gadar Jega, wata rana kuma ta yi shiru har Aliero sai a dawowa. Duk inda ta yi, mu tsaya. Da farko ina duban agogo, don likitan yana da layi. Daga baya sai na riƙa fitowa da wuri. A wannan tsayawar ce ya koya mini yadda ake kafa jak da inda ba a kafa shi, da yadda ake sassauta noti tun taya tana ƙasa, da yadda ake taka sifana da ƙafa in hannu ya kasa. Bai ga ko ɗaya daga abin da nake yi ba. Da kunne yake bi, in ya ji ƙarfe ya zame ya ce ban zaunar da shi daidai ba.

Inna ta ja ni ɗaki wata rana ta ce mini tunda idon ya rufe, mutumin nan ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, shi ma sai an ja shi. Gona ya bar wa 'ya'yan ƙannensa. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Amma ranar asibiti tun an sallame sallar asuba yake neman wankakkiyar riga, ya zauna bakin zaure yana sauraren motoci. Ta ce har ya fara ba abokansa labari wai yanzu an yi motar da ke jin iskar tayarta, amma tasu ta gidan maƙaryaciya ce, sai da shi.

Ba kullum yake yin daidai ba. Akwai ranar da ya ƙwanƙwasa tayar gaba ta dama ya ce ta yi sanyi, ba ma wadda na'urarta ta lalace ba. Na ce ni ban ga alama ba. Ya dage, muka lallaɓa zuwa wurin mai faci a Maiyama, wani dattijo da suka san juna tun zamanin babbar mota. Ya ɗora geji ya ce iska ta cika daidai. Baba ya ce gejin ne ba shi da lafiya. Mai facin ya ɗauko wani, shi ma haka ya nuna. Suka yi ta gardama har masu zaman benci suka sa baki. Can Baba ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce hannunsa tayar babbar mota ya sani, waɗannan kuwa da su da na keke duk ɗaya. Mai facin ya sa aka kawo mana fura, muka makara, likita ya yi mini faɗa, Baba yana zaune yana gyara hula kamar ba da shi ake ba.

Tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, muna dawowa daga Aliero da la'asar hadari ya taso daga gabas. Mun wuce Jega ruwa ya sauko, kuma a daidai lokacin fitilar ta kama. Na gangara na tsaya, amma na ce masa ba zai fita cikin wannan ruwa ba, ga suga, ga sanyi. Na zaci zai musa. Sai ya ce mu jira ya tsagaita.

Na kashe mota. Ruwa yana dukan rufi har ba ma jin juna sosai, gilashi ya yi hazo. Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Sannan ya fara magana, ba tare da ya juyo ba. Ya ce ranar da abin ya faru sun yi lodi a Aliero da hantsi, albasa sabuwar cira. Ƙanensa ba yaron motarsa ba ne, ɗinki yake yi, ya roƙa ne a tafi da shi ya ga Legas, don bai taɓa wuce Yawuri ba. Mahaifiyarsu ta hana, shi Baba ya lallashe ta. Ya ce yaron ya ɗinka sabuwar riga don tafiyar, shuɗiya, kuma tun daga Jega yake waƙa yana buga ƙofa da tafin hannu. Sun kusa Koko tayar gaba ta fashe.

“Na duba ta da safe,” in ji shi. “Duka na duba, ɗaya bayan ɗaya, yadda kika ga ina yi. Babu abin da na gani. Lafiya lau take.”

Na ce Allah ya jiƙan Baffa. Ya ce amin. Ya ce mahaifiyarsu ba ta taɓa ce masa komai a kai ba har ta koma ga Allah, ita ce ma ta yi jinyar ƙafarsa a Aliero, tana ba shi kunu a baki. Ya ce da aka haife ni aka sa mini sunanta, duk ranar da ya dawo daga tafiya ni yake fara ɗauka. Sai ya gyara zama ya ce ruwan ya ragu. Ban hana shi ba. Na ɗauko lema na riƙe masa, muka zagaya tayoyin tare, takalmanmu suna nutsewa a laka.

A ƙarshen wani mako maigidana ya dawo daga Zuru, ya karɓi makulli ya ce zai kai motar a canja baƙin mai. Da ya dawo sai ya ce mini, yana murmushi, ya sa an aiko da na'urar nan daga Kano an ɗaura, daga yau na huta da ƙara. Don ni ya yi, ya san yadda ta firgita ni da farko, ni kuma ban taɓa zama na ba shi labarin tsaye-tsayenmu ba. Na yi masa godiya. Da na gaya masa daga baya sai ya ce ko ya je a mayar da tsohuwar. Na ce a'a, abin da aka gyara ya gyaru.

Tafiya ta gaba muka fito daga Karaye, muka hau kwalta, muka wuce Maiyama. Shiru. Ina ganinsa ta gefen ido yana karkata kunne wajen sitiyari. Muka wuce bedin nan ta farko. Ya yi gyaran murya, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta. Da ya ji ƙarar gada a ƙarƙashinmu ya san mun iso Jega.

“Yau ba ta da magana?”

Na ce an gyara ta, mijina ya sa sabuwa. Ya ce madalla, Allah ya yi masa albarka, haka ya kamata. Ya kwantar da sandar a jikin ƙofa ya jingina.

Mun kama hanyar Aliero, inda gonaki suke hagu da dama, sai na sa sigina na gangara. Ya tambaya me ya faru. Na ce babu komai, ni dai hankalina ya fi kwanciya in ya duba.

Ya yi ɗan murmushi. “Uwata, ba sai kin yi mani haka ba. Ni ba yaro ba ne.”

Na ji kunya ta kama ni, na kai hannu zan tayar da mota. Sai ya ce in dakata, tunda an riga an tsaya bari ya miƙe ƙafa, ta yi masa tsami. Ya fita. Ya ɗan taka gaba, ya dawo, ya dafa motar. Daga nan ya bi tayoyin yadda ya saba, ni kuma na durƙusa na duba masa yawu. Bayan wannan ba mu ƙara yin zancen ba. Kowace tafiya akwai inda ƙafarsa za ta yi tsami, ni kuma in gangara.

Da kaka sugan ya sauka, aka yi masa aikin idon dama. Washegari na mayar da shi a cire bandeji. Ina tsaye a gabansa lokacin da ma'aikaciyar ta ɗaga audugar. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa gaba da baya. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Ya ce ashe na yi ƙiba. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ni kuma na fita waje na tsaya bayan ƙofa har sai da fuskata ta bushe.

A wajen ajiye motoci ya zagaya motar yana kallo. Ya ce shi duk zatonsa fara ce, ashe ruwan toka. Da muka shiga ya ce in nuna masa mutuniyar. Na murɗa makulli rabi, fitilun gaba duk suka kama na ɗan lokaci kamar yadda suke yi, na sa yatsa a kanta kafin ta mutu. Ya matso da fuska, baƙin tabarau a hannu. Ya ce in sake. Na sake.

“Wagga 'yar abu?” ya ce. “Ko ƙwayar gyaɗa ta fi ta.”

A hanyar komawa bai bar bakinsa ya huta ba. Ya ga gidajen mai da bai san an gina ba, ya ga inda aka sare wasu itatuwan da yake kwatance da su, ya ga rumbunan albasa an fara gyaransu. Ya kuma ga tuƙina. Ya ce ina ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mini, kuma ina matse wa manyan motoci baya, alhali direban ba ya ganina daga can sama. Na ce wata da watanni yana cikin motar bai ce komai ba. Ya ce da bai gani ba.

Bayan an yi ido na biyu ya warke, jigila ta ƙare. Na ci gaba da zuwa Karaye gaisuwa kamar da. Wata Asabar da rani ya ce in kai shi fadama ya ga albasar da yara suka dasa. Hanyar jar ƙasa ce da ta nufi wajen Liba, babu kowa sai amalanken shanu jifa-jifa. Muna dawowa ya ce in tsaya. Na ɗauka ƙafa ce. Sai ya zagayo ɓangarena ya tsaya bakin ƙofa. Na fito na ba shi wuri.

Ya zauna, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Na nuna masa giyar, na ce babu kuloci. Ya ce ya ji. Motar ta fara tafiya a hankali, sai ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci da kanta ta sami birki, muka yi gaba kamar za mu fasa gilashi. Ya dubi ƙafar ya ce mata ta zauna. Ya naɗe ta baya, ya sake jan motar. Bai wuce gudun mai keke ba. Muka wuce wasu mata masu ɗauke da itace, ɗaya ta sauke kayanta ta tsaya tana kallo. Da muka hango rufin makarantar Karaye ya taka birki a hankali, ya kashe, ya miƙo mini makulli ya ce ya isa.

Kafin mu shiga gida labari ya riga mu. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na gaishe ta ta amsa a taƙaice. Baba ya zauna a kan turmi yana ta bayani, cewa hanya babu kowa, kuma ina gefensa, kuma bai yi nisa ba. Ta bar shi har ya gaji. Sannan ta karkaɗe rariya ta ce ƙanwarta da ke aure a Liba ta daɗe ba lafiya, ba ta samu ta je dubiya ba. Na ce sai in kai ta yanzu, tunda rana ba ta faɗi ba. Ta ce ba ni ta tambaya ba.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da ƙullin daddawa. Ta zauna a baya, ni ina gaba, shi ya ja. Duk ramin da ya shiga sai ta ce masa ya bi a hankali, shi kuma ya ce ai a hankali yake. Mun isa Liba ana kiran magariba, wani mai jaki da muka baro Karaye tare ya riga mu shiga gari.